Dankalin Gwangwani da Dabinon Uwar Rumfa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ya yalwata miki makwanci, ya haskaka shi. Mu nan Gumel lafiya lau muke, sai kewarki. Baba yana nan da ƙarfinsa, har yanzu yana musu da rediyo idan ta faɗi abin da bai gamshe shi ba. Ni kuma ina nan ina koyarwa a Sule Tankarkar inda aka mayar da ni, amma duk ƙarshen mako ina gida.

Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Na kuma san da kina kusa da kin ce, "Dije, surutun naki har a takarda?" To ki yi haƙuri, labari ne ya cika mini baki, kuma ke ya kamata ki fara ji. Waɗanda za su karanta a bayanki su yi mana uzuri, hira ce ta uwa da autarta.

Inna, dabinon nan na bakin rijiya ya yi 'ya'ya.

Kafin in gaya miki yadda ya yi, bari in koma inda aka faro, tunda ke da kanki kin sha cewa na fi ki riƙe labari, ke abin da kika fi riƙewa shi ne wanda ya ɓata miki rai.

Kin tuna shekarar farin nan, ba da jimawa ba bayan an canja kuɗi, kina ta faɗa da masu talla kina cewa ke sule kika sani, su riƙe kwabonsu. Damina ta ƙi zama, gero ya bushe a tsaye. Mutanen arewa, daga can wajen Damargu da Tanut, suka yi ta gangarowa ta Maigatari, wani da jaki ɗaya, wani da tabarma kawai a ka. Hukuma ta buɗe musu tsohon siton gyaɗa da ke hanyar Maigatari, tunda shekarar babu gyaɗar da za a zuba a ciki. Maza suka kafa rumfuna a waje, mata da yara suka zauna a ciki.

Mu ma a gida ba wani abin kirki ke cikin rumbu ba. Sai ga saƙo daga ƙaninki, Kawu Sale, mai aikin jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha. Buhunan dankalin turawa ne da aka sauke daga Jos, mai su ya rasa masu saye, Kawu ya karɓa ya ɗoro mana a mota. Baba ya kwance bakin buhu ya leƙa, ya ce, "Wannan ai cimar Turawa ce da marasa lafiya." Ke kuma kika dafa guda kamar yadda ake dafa namu dankalin, kika gutsura, kika yamutsa fuska kika ce, "Dankalin da babu zaƙi, to me ya rage masa a duniya?"

A lokacin ban daɗe da gama kwalejin horon malamai a Kano ba, kaina cike da girke-girken da aka koya mana. Na gaya miki akwai wani da ake yanka shi fale-fale, a jera shi hawa-hawa da albasa da madara, a gasa har samansa ya yi ja. Na ce matsalar ɗaya ce, ba mu da irin murhun makaranta. Kika dube ni sama da ƙasa. Kika sa na ɗauko babbar tukunyar ƙarfen biki, kika zuba yashi a gindinta, kika ce in sa farantin dankalin a kan yashin, mu rufe, mu tara garwashi a kan murfi.

Daga nan girkin ya bar hannun makaranta ya dawo naki. Na jera dankali da albasa da tattasai, na dama madarar gari na kwarara. Kafin in juya kin barbaɗa daddawa. Na ce, Inna, ba a sa daddawa. Kika ce, "A Kano ba a sa wa." Kika kuma daka ɗan ƙuli-ƙulin da ya rage miki kika rufe samansa da shi. Da aka ɗaga murfi, ƙanshi ya tsallaka katanga, gefen ya yi ƙanzo mai daɗi, Baba da ya ce cimar marasa lafiya ce ya nemi ƙari har sau biyu, wai yana so ya tabbatar da abin da ya faɗa.

A ranar kika ce buhunan nan ba namu ba ne mu kaɗai, akwai mata da yara a sito.

Gidaje da yawa a unguwa suna aikawa, Allah ya saka musu. Yadda ake yi shi ne, akwai wani babban baho a ƙofar siton, kowa ya kawo nasa ya juye a ciki, ya koma da kwanonsa. Tuwo a kan dambu, dambu a kan fate, duk a haɗe. Ke kuwa kika ce atafau. Kika ce, "Ni ba na juye wa mutum abinci kamar ina zuba wa akuya dusa." Kika hau kan kujera kika sauko da kwanukan jerenki masu murfi, waɗanda ko mu 'ya'yanki ba ma taɓa su sai da sallah. A cikinsu kika zuba, kika ce in kai in baro su, gobe na karɓo, kamar yadda ake yi wa maƙwabta.

A nan na fara ganin Maryama. Tsohuwa ce doguwa, siririya, zaune a wani lungu da ta share tas, zanenta ya koɗe amma a ɗaure yake daidai. Matan siton suna kiranta Uwar Rumfa, ita ke raba musu faɗa, ita ke raba wa yara abinci. Wata matashiya, matar ɗanta, ta gaya mini cewa a garinsu gidanta ne masaukin baƙi, tukunyarta ba ta sauka daga murhu, sai fari ya kashe dabbobinsu kaf. Ta kuma gaya mini tun da suka zo tsohuwar ba ta taɓa sa hannu a bahon nan ba. Tana raba wa kowa, ita kuma ta sha ruwan kunu ta ce ta ƙoshi.

Na durƙusa na ajiye kwanukan a gabanta. Ta buɗe guda, ta rufe, ta shafa murfin da tafin hannunta. Ta tambayi sunanki da aikina, daga ranar kuma ta raɗa mini 'yar lakwal, wato 'yar makaranta a bakinsu na can. Ta ce, "'Yar lakwal, ki ce da uwarki na ga kwano, na ga murfi. Mutum ce ta aiko wa mutum." Sannan ta yi bisimilla ta ci. Matar ɗanta ta juya baya tana share ido.

Kashegari na je karɓo kwanuka. An wanke su da toka har suna ƙyalli, kuma a cikin babban akwai magarya cike da hannu. Da na kawo miki kika yi murmushi har kunne, kika ce, "Matar nan 'yar gidan mutunci ce, ta san ba a mayar da kwano haka nan." Kika ci magaryar kina ta yabon zaƙinta, alhali ni na ɗanɗana, ta bushe ƙamas.

To, Inna, daga nan wasan ya fara, kuma ni ce na sha wahalarsa. Kika aika, ta mayar da ɗan faifai da ta saƙa da kabar da ta tsinto. Kika aika, ta mayar da igiyar guga. Kika sake aikawa, sai ga mataji na katako wanda da gani an daɗe ana amfani da shi. Na gaba kuma cokalin ƙaho ne. Ke kina ta murna kina jera su a kan taga, kina nuna wa duk wadda ta shigo. Ba mu lura ba cewa abubuwan sun tashi daga na tsintuwa sun koma na cikin ƙullin kayanta.

Ranar da muka gane ita ce ranar da kika buɗe kwano kika ga tsumma a ƙulle. Kika kwance, sai ga munduwar azurfa, tsohuwa, mai nauyi. Dariyarki ta ɗauke. Kika ce, "Innalillahi. Dije, ashe tsiraita matar nan muke yi."

Kika ce in mayar mata. Na mayar, ta ce abin da ya shiga kwano ya shiga. Na dawo miki da ita, kika ce ko da wasa ba za ta kwana a ɗakinki ba. Na koma, ta sake koro ni. Munduwar nan ta yi ta zirga-zirga a hanyar Maigatari har masu shayin bakin tasha suka fara tambayata ko aikin gidan waya na samu. Takalmina na roba a wannan jigilar ya tsinke.

A ƙarshe ta karɓa, ta mayar da ita hannunta, amma abin da ta faɗa ya fi ƙin karɓar ciwo. Ta ce, "To, 'yar lakwal, kwano ya zauna gida. Ba ni da abin sa masa, ba ni kuma mayar da shi wofi. In uwarki ta dafa, ki juye wa yara a baho kamar kowa."

Haka aka yi, ba don kina so ba. Yara suka ci gaba da ci, Maryama ta koma ruwan kunu. Ina zuwa ina ganinta tana zubewa. Wuyanta ya fito, muryar da take tsawata wa yara da ita ta dushe, har ta kai ga a zaune take salla. Matar ɗanta ta ja ni gefe ta ce sun yi roƙo, sun yi kuka, sun haɗa ta da Allah, tsohuwa ta ce ita ba ta jin yunwa. Na tsorata ƙwarai, don na ga alamar matar nan za ta mutu a kan ƙafarta, abinci yana gabanta.

Da na gaya miki, ranar muciya ta sha duka a bakin tukunya. Kina tuƙi kina faɗa, "Wannan wace irin mace ce mai taurin kai? Mutum ya kashe kansa saboda kwano?" Baba yana alwala a tsakar gida, bai ko ɗago ba ya ce, "Hajara, yau kin gamu da 'yar'uwarki." Kwana biyu kina gaishe shi a taƙaice saboda wannan maganar.

Baba ya ba ki izini ki je ki same ta da kanki. Kika ce a'a. Kika ce, "In je in tsaya a kanta tana zaune a kan tsumma? Ba za ta yafe mini ba, ni ma da ni ce ba zan yafe ba." Na je na roƙe ta ita ta zo gidanmu ku gaisa. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa shiga gidan mutane hannu rabbana ba, ba kuma da tsufanta za ta fara ba. Ni dai na tsaya a tsakaninku kamar jakar da aka yi wa kaya biyu.

Dabarar ta zo miki ne wata safiya ina kankare gwangwanin madarar da ya ƙare. Kika zuba masa ido. Kika ce, "Dije, gwangwani kwano ne?" Na ce a'a. Kika ce, "Kin taɓa jin an aika wa mutum abu a gwangwani ya mayar?" Na ce ban taɓa ji ba. Kika miƙe tsaye, zaninki har yana kwancewa, kika ce, "To a ciki za mu gasa. Tukunya ce, kuma shara ce."

Sai neman gwangwani ya tashi. A lokacin ba abin yarwa ba ne, masu ƙera fitilar a-ci-bal-bal suna rububinsa, masu awon gishiri ma haka. Kawu Sale ya taro mana na masu shayin tasha. Amma wanda ya ba kowa mamaki shi ne Baba. Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa ya tafi kasuwar Maigatari, ya dawo da yamma, akawu guda na ofishin En'e, da buhu a kafaɗa yana ƙarar kwaram-kwaram. Na kifi ne, na tumatir ne, na madara ne, wasu da rubutun Faransanci a jiki. Abokansa na majalisa suka daɗe suna tsokanarsa wai ya bar alƙalami ya koma gwangwan. Shi kuma ya ce umarni ne daga sama.

Maƙerin bakin kasuwa ya lanƙwashe mana bakinsu don kada su yanki yara. Muka tafasa su, muka dirje da toka. Ina cikin jera su a rana suna walƙiya, ina jin daɗin aikina, sai na gan ki da taɓarya. Kika ɗauki guda kika ɗan buga masa a gefe ya lotsa. Kika ɗauki wani kika buga. Na ce, Inna, bayan duk wankin nan? Kika ce, "Idan ya yi kyau cewa za ta yi kwano ne. Na san halinta." Ba ki taɓa ganinta ba fa, amma kin san halinta. Kika kuma sa na goga musu baƙin tukunya a waje.

Ranar girkin farko a gwangwani gidanmu ya koma kamar ana suna. Matan maƙwabta suka shigo ta ƙofar baya da wuƙaƙensu, ana fere dankali ana gulmar duniya. Ni ina jerawa, ke kina bi da daddawa da ƙuli, kina sa ido kada in rage. Tukunya ba ta cin su gaba ɗaya, sai mu sauke wasu mu sa wasu, hayaƙi yana sa mu hawaye muna dariya. Kowanne ya huce sai ki rufe shi da yankin tsohuwar jaridar Baba, ki ɗora dabino biyu ko uku a kai, cikin wanda ya sayo a Maigatari, kika ce don yara su wanke baki.

Kika ba ni saƙo, kika sa na maimaita har na haddace. "Ki ce mata ba ni da inda zan juye, a tukunyarsa ya zo. In sun gama su taimake ni su yar, ni ma shara ta ishe ni."

Na kai, na faɗa kamar yadda kika ce. Maryama ta ɗauki gwangwani ɗaya. Ta juya shi, ta duba baƙin, ta sa ɗan yatsa a inda taɓarya ta lotsa, ta daɗe tana shafawa. Sai na ga kafaɗunta suna motsi. Na zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da ƙarfin fitowa. Ta ce, "Uwar nan taki da wayo take. Ita ce ta yi lakwal, ba ke ba." Ta yi bisimilla, ta ci, ta kankare ƙanzon da farce, ta cinye dabinon, ta sa ƙwallayen a bakin zaninta. Da zan tafi ta kira ni ta ce, "Ki ce mata gishiri ya yi kaɗan."

Na yi ta shawara a hanya ko in gaya miki wannan, don na san yadda kike da girkinki. Da na faɗa, sai kika rangaɗa guɗa a tsakar gida da rana tsaka, har Baba ya fito da gudu ba hula. Kika ce, "Alhamdu lillahi! Wadda ta fara ƙorafin gishiri ai ta dawo duniya."

Haka muka ci gaba har bazara ta yi nisa. Buhunan farko suka ƙare, Kawu ya sake nemo wasu. Maryama ta miƙe, muryarta ta dawo, yaran sito suka koma ɓuya idan ta ɗaga kai. Saƙonni suka ci gaba da tafiya ta bakina: ita ta ce albasa ta yi yawa, ke ki ce ta zo ta dafa nata. Ta ce a gaishe ki da hayaƙi, ki ce a gaishe ta da mulki. Ban taɓa ganin ƙawance irin naku ba, kullum cikin faɗa, kuma ba wadda ta san fuskar wata.

Abu ɗaya na lura da shi, ban taɓa ganin gwangwani ko ɗaya a juji ba. Na gaya miki, kika ce wataƙila yara ke kai wa masu fitila, Allah ya sa musu albarka. Na kuma sha ganin Maryama ta ɗauki buta ta zagaya bayan sito idan za ta yi alwala, kullum wuri ɗaya. Na ɗauka sirri take so irin na tsofaffi.

Sai Allah ya kawo ruwa. Kin tuna yadda muka fito tsakar gida muka tsaya a cikinsa, ke da kike hana mu wasan ruwa. Bayan an yi shuka aka ce za a kawo motoci su mayar da mutanen sito garuruwansu don su ma su samu damina.

Safiyar tafiyarsu Baba ya dawo daga masallaci, sai muka ji kwaram a zaure, muka ji salati. Muka fito. Gwangwanaye ne jere a bakin bango, tun daga ƙofa har lungu, namu, masu lotson taɓarya. Kowanne an huda gindinsa, an cika shi da ƙasa, kuma a tsakiya ga wani ɗan kore siriri guda ɗaya ya tsaya cak. Baba yana murza ɗan yatsan ƙafarsa ya ce, "Wane ne ya kawo mana ciyawa da sassafe?"

Ke da ba kya taka zaure da rana, ranar har bakin ƙofa kika zo. Kika tsuguna, kika tona ƙasar guda da yatsa a hankali. Sai ga ƙwallon dabino ya tsage, saiwa ta yi ƙasa. Kika dube ni, na gane. Na zari mayafi na ruga.

Na tarar motar ta cika, Maryama tana can sama a kan kaya, munduwarta a hannu. Da ta hango ni ta ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ta ce, "'Yar lakwal! Ki ce da uwarki ƙasa ta Allah ce, ƙwallo nata ne, ruwan kuwa na alwalata ne. Ban taɓa ƙullin kayana ba. Kwano ya koma!" Mota ta tashi tana ta dariya tana ɗaga mini hannu.

Na dawo na same ki zaune daɓas a ƙasan zaure a tsakiyar gwangwanaye. Na isar da saƙo. Kika yi dariya har kina riƙe ciki, kina cewa, "Ta kayar da ni. Wallahi matar nan ta kayar da ni." Sai dariyar ta juye, kika rufe fuska da mayafi kika yi kuka sosai. Shi ne karo na farko da na ga kukanki, ni ma na zauna na taya ki. Baba ya rasa abin yi, ya ɗauki gwangwani ɗaya yana ta dubawa kamar zai karanta Faransancin.

Muka dasa su, muka raba wa maƙwabta wasu. Awaki suka yi mana ɓarna, wasu suka bushe, biyu suka tsira a bakin rijiya. Kika mayar da wurin alwalarki gindinsu, kika ce da shi suka saba, kada su ji baƙunta. Shekara ta bi shekara, sai ganye da ƙaya. Baba ya yi ta cewa maza ne, ba za su haihu ba, a sare su a huta da tsire wa mutane riga. Ke kuma ki ce, "Malam, ka taɓa su ka gani." Don in yi masa adalci, ɗayan namiji ne. Tun da aka tabbatar ba ya barin kowa ya manta.

Bara da ciwo ya kwantar da ke, kika sa aka juya gadonki yadda za ki riƙa hango su ta ƙofa. Wata rana ina shafa miki mai a ƙafa kika ce, "Dije, in ya yi 'ya'ya ba na nan, kada wanda ya sa a baki sai an aika wa Maryama. Kada ta je tana cewa ita ta yi na ƙarshe." Na ce ki daina irin wannan magana. Kika ce in daina musu in riƙe saƙo, ai aikina ne.

To, Inna, na riƙe. Bana macen ta fitar da fure, wani mutumin Maigatari da ya san harkar ya zo ya ɗaura mata na namijin. Nono ɗaya ta yi, ɗan ƙarami, ya yi rawaya, ya nuna. Baba ya sa masa ido kamar mai gadi, yana korar tsuntsaye da carbi, amma bai taɓa ko ɗaya ba.

Baban ne ya samo direban da ke lodi daga Maigatari zuwa Damagaram har Tanut. Da muka kwatanta masa ita, ya ce, "Maryama mai masauki? Ai ko watan jiya a gidanta na ci tuwo. Har yanzu tana zagin mutum in ya rage." Na ji daɗi har na rasa inda zan sa kaina, sai kuma na tuna ba ta san kin tafi ba.

Jiya na tsinke nunan fari. Na nemo gwangwanin madara, na tafasa, na dirje da toka, na goga masa baƙin tukunya. Na ɗauko taɓaryarki. Na buga masa a gefe ya lotsa daidai yadda kike yi. Na cika shi, na rufe da jaridar Baba. Na sa direban ya maimaita saƙon har ya haddace: Hajara ta riga mu gidan gaskiya, ta bar wasiyya a kawo miki wannan, ta ce gwangwani ne, ba a mayarwa. Sai da motarsa ta tashi sannan ni da Baba muka ɗauki ɗaya ɗaya. Yana da zaƙi, Inna. Baba ya tauna nasa, ya ce ƙwallon ya yi girma, ya shige ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Yau kuma tun safe nake tsakar gida da tukunyar biki da yashi. Siton nan yanzu ya zama gidan gajiyayyu, akwai tsofaffi da makafi da ba su da kowa. Na gasa musu dankalin gwangwani da sunanki, na sa daddawa ba tare da an yi mini faɗa ba, na ƙara gishiri. Kowanne na ɗora masa dabino guda daga bakin rijiya. Ina jerawa ina jin kamar za ki ce daga bayana ƙulin ya yi kaɗan. Ina kewarki ƙwarai, Inna, kullum, amma yau kewar da daɗi a cikinta.

Na san Maryama ba za ta haƙura ba. Ko me direban nan zai dawo da shi, zan karɓa a madadinki, in kuma nemi abin da zan mayar.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sa kowace lomar da aka ci a gwangwanin nan ta zama haske a kabarinki. Allah ya ƙara wa Maryama lafiya, ya kyautata ƙarshenta. Ku da ba ku taɓa ganin juna a duniya ba, Allah ya haɗa fuskokinku a Aljanna, ya zaunar da ku a tabarma ɗaya, ku ci a kwano ɗaya wanda ba wadda za ta mayar wa wata. Amin.

Wassalam.

Taki har abada, autarki kuma 'yar aikenku,
Dije